Takardar sihiri a wasan kwamfuta: Ƙarfin aro da ƙarfin kai

Duk wanda ya taɓa buga wasan kwamfutar nan mai suna Morrowind, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a shekarar 2002, da wuya ya manta da Tarhiel. Mai wasa na fitowa ke nan daga ƙauyen Seyda Neen, bai yi nisa a kan hanya ba, sai ya ji ihu daga sama, kafin ya waiga wani mutum ya faɗo tim a gabansa, ko shurawa bai yi ba. Idan ya laluba jikin mamacin zai sami naɗaɗɗun takardu guda uku na sihirin da shi Tarhiel ya ƙirƙiro da hannunsa. Kowace takarda tana ƙara wa wanda ya karanta ta ƙarfin tsalle da maki 1,000, amma na daƙiƙa bakwai kacal. Ma'ana, za ta cilla ka har ka hango rabin tsibiri, sai dai kafin ka sauko aikinta ya ƙare, ka dawo ƙasa da ƙasusuwanka na jiya.

Na san wani mai karatu zai yamutsa fuska da jin kalmar sihiri, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai abin da ake kira sihiri a waɗannan wasanni lissafi ne tsagwaronsa: lamba kaza ta ƙaru, na tsawon daƙiƙa kaza. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu tsara wasan suka raba hanyar samun ƙarfi gida biyu, da kuma yadda mutane ke yi idan an damƙa musu ta biyun.

Hanya ta farko ita ce koyo. Jarumin da kake juyawa zai nemi malami, ya biya kuɗi, ya yi ta gwaji yana kuskurewa, domin a Morrowind sihirin da ka koya yana iya ƙin ci idan ƙwarewarka ba ta kai ba, kuma kowane gwaji yana zuƙe ƙarfinka. Hanya ta biyu ita ce takarda. Ba ta tambayar wane ne kai, ba ta ƙin ci, ba ta rage maka komai. Jahilin mayaƙi mai gatari zai karanta ta ya yi abin da masanin da ya shekara yana koyo zai yi. Sharaɗinta ɗaya ne: sau ɗaya take aiki, daga nan ta ɓace.

Wannan tsari ya girmi wasannin kwamfuta. Tushensa yana cikin wasan tebur na Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, inda masihirci ke haddace 'yan sihirce-sihirce ƙididdigaggu, wanda ya yi amfani da shi kuma ya goge daga ƙwaƙwalwarsa sai ya sake haddacewa. Takarda ce guzurinsa na ranar da kai ya zama fanko. Da wasan Rogue ya zo a 1980 sai ya ƙara wata mugunta: takardun na zuwa ne da sunaye marasa ma'ana, waɗanda ke canzawa duk lokacin da aka fara sabon wasa, ba ka sanin abin da ke ciki sai ka karanta. A NetHack, wanda ya gaje shi a 1987, kana iya buɗe takarda da fatan samun tsira, sai ka tsinci ƙafarka ɗaure da sarƙa da ƙaton dunƙulen ƙarfe.

A ganina wasan Baldur's Gate na 1998 ne ya fi iya ɗora mutum a kan siraɗi. Ka tsinci takarda mai daraja, zaɓi biyu ne a gabanka. Ko dai ka ajiye ta ka harba wa maƙiyi ranar da tura ta kai bango, ko kuwa masihircinka ya kwafe ta cikin kundinsa, ta zama ilminsa har ƙarshen wasa. To amma kwafar tana iya lalacewa, gwargwadon basirar mai kwafar, kuma idan ta lalace takardar ta tafi ke nan, ba tsuntsu ba tarko. A Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian, wanda ya fito a 2023, an cire wannan caca, an mayar da ita kuɗi: zinare 50 a kan kowane matakin sihiri. An sauƙaƙa wa mai wasa, amma ni dai na fi son tsohon tsarin, don shi ne ke sa hannu ya yi rawa kafin a danna. (Iyaye su lura, wannan na 2023 an yi shi ne don manya.)

Wani hanzari ba gudu ba, mafi yawan masu wasa ba sa yin ko ɗaya daga cikin biyun. Tarawa suke yi. Ni kaina na gama wasa fiye da ɗaya jakata cike da takardun da da sun cece ni a faɗace-faɗacen da na sha kashi sau biyar-biyar, amma kullum sai zuciya ta ce bari, akwai babban dodo a gaba. Babban dodon ya zo, na kashe shi da takobi, sunayen masu tsara wasa suka fara hawa allo, takardun na nan ko naɗinsu ban warware ba. Masu tsara wasanni sun daɗe da gane wannan hali. A Diablo II na shekarar 2000 sun ba da kundin da ke ɗaukar takardun komawa gari har 20, masu arha, don kada kowa ya ji ƙyashin amfani da su. Da Diablo III ya fito a 2012 sai suka soke takardar ɗungurungum, komawa gari ya zama kyauta.

Shi ya sa nake ganin ba a yi wa Tarhiel adalci idan aka tsaya ga yi masa dariya kawai. Shi aƙalla ya karanta tasa. Kuskurensa shi ne ya lissafa tashi bai lissafa sauka ba, kuma an sa wa takardun sunan Ikarus na tatsuniyar Girkawa, wanda ya tashi da fikafikan da aka manna da kakin zuma, ya kusanci rana suka narke. Masu wasa da suka yi nazarin takardun sun gano cewa ba su da aibi, ƙarasa su ne ba a yi ba. Wanda ya nufi teku ko kogi mai zurfi zai faɗa ruwa ya fito lafiya. Wanda ya tanadi sihirin rage saurin faɗuwa zai sauka kamar gashin tsuntsu. Wanda kuma ba shi da ko ɗaya, sai ya karanta takarda ta biyu gab da taɓa ƙasa, ƙarfin ya dawo masa a daidai lokacin da yake buƙatarsa. Ta haka tafiya ɗaya za ta cinye takardu biyu cikin ukun, ta bar shi da guda ɗaya tilo, wadda za ta iya ɗaga shi amma ba za ta iya sauke shi ba.