Fari da ƙunar rana: Yadda shuka ke kare kanta idan ruwa ya ɗauke, da abin da binciken masana ke nufi ga abincinmu

A watan Agustan 2024 ruwan sama ya ɗauke na tsawon makonni a sassan jihohin Taraba, Neja, Nasarawa da Kogi, daidai lokacin da masara ke shirin goyo. Watanni huɗu kafin haka, a farkon Afrilu, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali. Irin waɗannan labarai kan zo su wuce, sai daga baya a ji raɗaɗinsu a farashin kwanon hatsi.

Tsakanin ɗaukewar ruwa da tashin farashi akwai wani mataki da ba kasafai ake bayaninsa ba, wato abin da ke faruwa a cikin ganyen shuka. A can ne ake yanke hukuncin ko gona za ta ba da amfani ko za ta ƙone. Masana sun shafe shekaru suna nazarin wannan mataki, kuma sakamakon bincikensu ya fara shiga irin da ake sayar wa manoma da dokokin da hukumomi ke kafawa.

Cinikin da ganye ke yi kullum

Shuka tana haɗa abincinta ne daga hasken rana, ruwa da iskar kabon. Iskar tana shiga ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani, kowace da ƙwayoyi biyu da ke buɗe ta su kuma rufe ta. Matsalar ita ce ta ƙofar da iska ke shiga ruwa ke fita. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo yana tafiya sama ne a matsayin tururi, kuma wannan tururin ne ke sanyaya ganye, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum.

Idan ƙasa ta fara bushewa, shuka tana ƙara samar da wani sinadari da ake kira ABA, wanda ke umartar ƙofofin su rufe. An san sinadarin tun shekarun 1960, amma sai a 2009 aka gano ainihin furotin da ke karɓar saƙonsa a cikin ƙwayar shuka. Tawagogi biyu ne suka gano shi, kowace da kanta: ta Sean Cutler a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside a Amurka, da ta Erwin Grill a Jami'ar Fasaha ta Munich da ke Jamus.

Rufe ƙofa yana tsimin ruwa, amma yana da tsada. Iskar kabon ta daina shiga, haɗa abinci ya ragu, ganye kuma ya ɗauki zafi tunda tururi ya tsaya.

Lokacin da haske ya zama guba

A nan ne rana ke zama matsala ta biyu. Ganye ba shi da hanyar daina karɓar haske. Koren launinsa yana ci gaba da kama ƙarfin rana ko da babu iskar da za a sarrafa da shi. Ƙarfin da ya rasa wurin zuwa sai ya faɗa kan iskar oksijin, ya haifar da wasu sinadarai masu ƙuna da ke lalata sassan ƙwayar ganye. Na farkon da ke jikkata shi ne wani furotin mai suna D1, wanda ke tsakiyar injin kama haske. Shuka tana cire shi ta sake sabo a kai a kai, amma a lokacin fari gyaran ba ya iya cim ma ɓarnar. Daga nan ganye ke koɗewa, gefensa ya ƙone.

Shuka tana da kariya. A 1987 masaniyar tsirrai Barbara Demmig-Adams da abokan aikinta suka nuna alaƙar wani launi mai suna ziyazantin da yadda ganye ke zubar da rarar haske a matsayin zafi. A 2000 kuma ɗakin binciken Krishna Niyogi da ke Berkeley ya nuna cewa wannan kariya ba ta aiki sai da furotin PsbS. Su biyun suna aiki kamar bututun da ke fitar da rarar ruwa daga madatsa kafin ta fashe.

Akwai kuma kariyar da manomi ke gani da idonsa. Masara da dawa suna naɗe ganye da tsakar rana. Wake kuma yana miƙe ganyensa tsaye don rana ta same shi ta gefe, kuma tun 1979 masu bincike Kenneth Shackel da Anthony Hall suka bayyana wannan ɗabi'a a matsayin dabarar jure fari.

Me ya sa masifa biyu ta fi jimillar ɗaya da ɗaya?

An daɗe ana gwada shuka a ɗakin bincike da matsala guda: ko a hana ta ruwa, ko a ƙara mata zafi. Ron Mittler, wanda yanzu yake Jami'ar Missouri, na cikin waɗanda suka nuna raunin wannan hanya. A binciken da tawagarsa ta wallafa a 2002 kan taba, da na 2004 kan wata ƙaramar ciyawa da ake gwaji da ita, an ga cewa idan fari da zafi suka haɗu, shuka tana kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ba ta kunna su a ɗayan biyun shi kaɗai. Dalilin a fili yake: zafi yana bukatar a buɗe ƙofa don a sha iska, fari yana bukatar a rufe. Shuka takan zaɓi rufewa, ganyen ya ƙara zafi.

Alƙaluman gona sun tabbatar da haka. A 2011 David Lobell na Jami'ar Stanford da masana daga cibiyar CIMMYT suka yi nazarin gwaje-gwajen masara sama da 20,000 da aka yi a Afirka. Sun gano cewa kowane yini da zafi ya ɗara digiri 30 da digiri guda yana rage amfani da kashi 1 cikin 100 idan akwai isasshen ruwa. Idan akwai fari, asarar tana kai kashi 1.7.

A 2022 tawagar Mittler ta sake gano wani abu a waken suya: idan fari da zafi suka haɗu, ganye yana rufe ƙofofinsa amma fure yana barin nasa a buɗe. Shukar tana ware ɗan ruwan da ya rage don sanyaya wurin da ɗa zai fito. Wannan ya dace da abin da manoma suka sani, cewa ɗaukewar ruwa lokacin fure da goyo ta fi ta farkon damina ɓarna.

Darasin gero da dawa

Gero, dawa da masara suna da wata hanyar tara iskar kabon a cikin ganye, wadda masana ke kira C4. Tana ba su damar haɗa abinci ko da ƙofofin a ɗan buɗe suke, don haka suna kashe ruwa ƙasa da shinkafa, alkama ko gyaɗa. Sai dai ko a cikinsu akwai bambanci. A masara, bunu yana sama, gemu yana ƙasa. Idan fari ya jinkirta fitowar gemu har ƙurar bunu ta ƙare, goyon zai fito babu tsaba. Gero, wanda aka fara nomawa a yammacin Sahel fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, yana nuna da wuri kuma yana iya fitar da sababbin rassa bayan fari.

Masana a cibiyar ICRISAT, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai da kuma ofis a Kano, sun gano cewa nau'o'in geron da suka fi jure farin ƙarshen damina suna taƙaita fitar da tururi a sa'o'in da iska ta fi bushewa. Da haka suke ajiye ruwa a ƙasa har lokacin cika tsaba. A dawa kuma, nau'o'in da ganyensu ke zama kore har girbi, waɗanda wasunsu suka samo asali daga Habasha, suna rage yawan ganye tun da wuri don ruwa ya kai su ƙarshe.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Senegal ya shafi sabara, wadda manoma da yawa ke sarewa lokacin sharar gona. An bi sawun ruwa mai alama, aka ga saiwar sabara tana jawo shi daga ƙasa mai zurfi, ta saki wani sashe a sama da dare, geron da ke kusa ya sha. Hakan ya ƙara wa tsarin raya kututturen bishiyoyi a gona hujja, tsarin da ya bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980.

Daga ɗakin bincike zuwa gona

Sanin yadda kariyar ke aiki ya sa masana suka fara gyara ta. Kariyar haske tana kunnuwa da sauri amma tana jinkirin kashewa idan gajimare ya rufe rana, kuma a wannan tsakanin shuka tana asarar hasken da take bukata. A 2016 tawagar Stephen Long ta Jami'ar Illinois, tare da Niyogi, ta hanzarta kashewar a jikin taba, girman shukar ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin 100 a gona. A 2018 suka nuna cewa ƙara yawan PsbS yana rage ruwan da taba ke kashewa da kashi 25. A 2022 suka ba da rahoton ƙarin amfani har kashi 33 a wasu layukan waken suya. Shirin nasu, mai suna RIPE, yana samun kuɗi daga Gidauniyar Gates, kuma wake da rogo na cikin amfanin da ya sa a gaba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, Nijar na biye da ita.

Waɗannan alƙaluma suna bukatar taka tsantsan. Gwajin waken suya an yi shi ne a ƙananan filaye a wuri guda, kuma a shekara ta biyu, bayan guguwa ta kwantar da shukar, ba a ga ƙarin ba. A 2023 wasu masana kiwon iri suka rubuta a mujallar Nature suna gargaɗi kan zuzuta irin wannan sakamako, suna neman a riƙa gwaji a wurare da yawa, shekaru da yawa, kuma a kwatanta da irin da manoma ke shukawa a zahiri.

Inda siyasa ta shigo

A Janairun 2024 Nijeriya ta amince da sakin nau'o'i huɗu na masarar TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta yi aikinsu tare da gidauniyar AATF. An gyara ƙwayoyin gadonsu don su kare kansu daga tsutsa kuma su jure fari. Ƙwayar gadon jure farin an samo ta ne daga wata bakteriya, kuma an fara sayar da masara mai ɗauke da ita a Amurka a 2013. Abin da aka gani a can shi ne tana rage asara kaɗan a matsakaicin fari. Ba ta ceton gona a fari mai tsanani.

A Afirka ta Kudu, hukumomi sun ƙi amincewa da wani haɗin wannan masara a 2018 saboda bayanan da aka gabatar ba su gamsar da su kan jure fari ba, kuma a Oktoban 2024 Kotun Ƙolin Ɗaukaka Ƙara ta soke amincewar da aka yi wa nau'in tun farko, bisa gazawar bin ƙa'idar tantance tasirinsa ga muhalli. A Nijeriya, Majalisar Wakilai ta nemi a 2024 a dakatar da shigo da irin da aka gyara har sai an yi bincike.

Muhawarar ta fi karkata kan tsoron ko abincin zai cutar da lafiya, alhali manyan nazarce-nazarcen kimiyya ba su sami hujjar hakan ba a nau'o'in da aka amince da su. Tambayoyin da binciken fari ya haifar sun bambanta. A ina aka gwada irin, kuma damina nawa? An gwada shi inda fari ya haɗu da zafin da ya haura digiri 35? Da wane iri aka kwatanta shi? Nawa ne kuɗinsa, tunda irin aure ne da sai an sake saye kowace shekara? Hukumar NBMA mai kula da wannan fanni da cibiyoyin da suka yi gwajin suna da amsoshin, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema.

Ya kamata kuma a tuna cewa mafi yawan ci gaban da aka samu a Afirka ta hanyar barbarar iri ta gargajiya aka same shi. Shirin samar da masara mai jure fari da CIMMYT da IITA suka gudanar a ƙasashe 13, har da Nijeriya, ya fitar da nau'o'i sama da 200 kafin ya ƙare a 2015. Irin wannan aiki yana ɗaukar shekaru, yana bukatar filayen gwaji, ma'aikata da malaman gona da za su kai irin ƙauye. A 2003 a Maputo, shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma, suka sabunta shi a Malabo a 2014. Kasafin Gwamnatin Tarayya bai kai nan ba.

Gero shi ne ya fi jure yanayin da ke tafe, amma kuɗin bincikensa a duniya bai kama ƙafar na masara ba. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin inganta shi a Nijeriya, a yankin da rikici ya ɗaiɗaita noma fiye da shekaru 10. Duk mai bibiyar kasafin kuɗi zai iya duba abin da aka ware mata da na Samaru, ya kuma tambayi ɗan majalisarsa nawa aka saki a zahiri.