AMFANI DA HASKEN RANA DON RAGE RAGOWAR MAGUNGUNA DA GUBAR FESHI A RUWAN BAN RUWA

GABATARWA

Kusan duk inda babban gari yake a ƙasar nan, za ku tarar da masu lambu a bakin magudanar da ke fitar da ruwan garin. A Kano suna gefen rafin Jakara da Getsi, a Zariya suna gefen Kubanni, haka nan a bakin magudanun Legas da Ibadan ana noma latas, kabeji, alayyafo da albasa mai lawashi. Dalili a fili yake: wannan ruwa ba ya ƙafewa da rani, ba a biyan kuɗinsa, yana ɗauke da taki, ga shi kuma kasuwa na kusa.

Shekaru da dama gargaɗin da malaman gona ke yi game da irin wannan ruwa ya tsaya ne a kan ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. To, akwai wata gurɓata kuma wadda ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta, wato ragowar magungunan asibiti, da na dabbobi, da na feshi. Wannan jagora zai bayyana muku yadda hasken rana ke wargaza waɗannan sinadarai, da sharuɗɗan da sai sun cika kafin ya yi hakan, da kuma abin da ya fi ƙarfinsa.

DAGA INA SUKE FITOWA?

Idan mutum ya sha magani, jikinsa ba ya cinye shi duka. Wani kaso yakan fita cikin fitsari da bayan gida, wani lokaci ma yana nan da ƙarfinsa. Haka yake ga kaji da shanu da kifin da ake ba magani a gidajen gona. Ga kuma ruwan da ke fitowa daga asibitoci, da magungunan da wa'adinsu ya ƙare aka zubar a kwata. Ta ɓangaren noma, ruwan wanke injin feshi, da ragowar haɗin da aka zubar a ƙasa, da robobin maganin ƙwari da aka yar a bakin rafi, duk suna ƙarewa ne cikin ruwa.

A shekarar 2019 masu bincike daga Jami'ar York ta Ingila sun auna ruwan koguna a ƙasashe 72, suka sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kashi 65 cikin 100 na wuraren da suka ɗebi ruwa. Najeriya na cikin ƙasashe biyar da aka sami wuraren da adadin ya fi zarce ƙima, tare da Bangaladash, Kenya, Gana da Pakistan.

MENE NE HAƊARINSU?

Adadinsu a cikin ruwa kaɗan ne ƙwarai, amma kullum ana ƙara zuba wasu. Illolin da aka tabbatar sun haɗa da waɗannan:

1. Ƙwayoyin cuta da suka daɗe cikin ruwa mai ɗan guntun magani sukan saba da shi, har ya daina yi musu aiki. Wannan na cikin dalilan da ke sa a yi ta shan magani ciwo bai warke ba.

2. Tsiro yakan zuƙi wasu daga cikinsu ta saiwa. Kabamazafin, maganin farfaɗiya, yakan taru a ganye. A shekarar 2016 wani bincike a Isra'ila ya gano shi cikin fitsarin mutanen da ba sa shan maganin, bayan sun ci kayan lambun da aka shayar da ruwan gari da aka tace.

3. Halittun da ke kewaye da mu suna cutuwa. A Indiya, daga shekarun 1990, wasu nau'o'in ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 saboda cin mushen shanun da aka yi wa magani da dikulofenak, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006. Maganin ƙwari kuwa, kaɗan daga cikinsa kan kashe kifi da kwaɗi da ƙananan halittun da kifi ke ci.

YADDA RANA KE AIKINTA

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, shi ne ke ƙoɗar da launin tufafin da aka daɗe ana shanyawa, shi ne kuma ke sa ledar da aka bari a fili ta bushe ta rurrushe. Bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙarfin hasken da ke iso ƙasa ba, amma shi ne mai kaifin. Yana aiki a kan magunguna ta hanya biyu.

Hanya ta farko, hasken ya faɗa kai tsaye a kan sinadarin ya tsinka shi. Dikulofenak, siforofulokzasin, tetirasayikilin da maganin ƙwari imidakulofirid suna cikin masu saurin lalacewa ta haka. A ruwa garai mara zurfi, ƙarƙashin rana mai ƙarfi, yawancinsu kan ragu sosai cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki.

Hanya ta biyu, hasken ya faɗa a kan wasu abubuwan da ke cikin ruwan, kamar sinadarin naitiret da ruɓaɓɓen ganye da ya narke, sai su haifar da wani sinadari mai kaifi da ake kira haidiroksil. Rayuwarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma duk wani magani da ya ci karo da shi sai ya farfasa shi. A tafki na yau da kullum kaɗan ne yake samuwa, shi ya sa magunguna masu taurin kai irin su kabamazafin da maganin ciyawa atirazin kan daɗe makonni ko watanni.

Ƙasarmu ba ta da ƙarancin rana. A matsakaici, kowace murabba'in mita tana samun ƙarfin haske kimanin kilowat-awa 3.5 a rana a gaɓar teku, zuwa kimanin 7 a can ƙuryar arewa. Sai dai ku lura, hadari da hazon hunturu suna rage ƙarfin UV, haka laka da dauɗa suna hana shi ratsa ruwa. A ruwa mai duhu, aikinsa kan tsaya a 'yan santimita na sama kawai.

HANYOYIN ZAMANI NA ƘARA WA RANA ƘARFI

Masana sun gano cewa idan aka sa wa ruwa wani mataimaki, rana kan haifar da haidiroksil mai yawa, aikin makonni ya koma na sa'o'i ko mintoci. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara.

(a) Farar hodar taitaniyam dayoksaid. Ita ce ake sawa a farin fenti. A 1972 masana biyu na ƙasar Japan, Fujishima da Honda, suka nuna cewa tana iya raba ruwa idan haske ya faɗa mata, daga nan aka fara amfani da ita wajen tsabtace ruwa. Ba ta ƙarewa cikin aikin, ana iya sake amfani da ita. Matsalarta, UV kaɗai take amfani da shi, kuma dole a tace ta daga ruwan bayan an gama, ko a liƙa ta a jikin wani abu tun farko.

(b) Hanyar Fenton. An sa mata sunan masanin Ingila da ya bayyana tushenta a 1894. Ana haɗa gishirin ƙarfe da ruwan haidirojin feroksaid, irin wanda ake wanke rauni da shi amma mai ƙarfi, sannan a bar haɗin a rana. Ta fi ta farko sauri domin tana amfani har da wani ɓangare na hasken da ido ke gani. Sai dai ta fi aiki idan ruwan ya yi tsami, ma'aunin pH ya sauka kusan 3, don haka dole a kashe tsamin kafin ruwan ya shiga gona.

Wurin da ya fi suna a wannan bincike shi ne cibiyar nazarin hasken rana da ke hamadar Tabernas, a lardin Almeriya na kudancin Sifaniya. Lardin yana da kadada kusan 30,000 na rumfunan leda da ake noma tumatir da tattasai da kokwamba, saboda haka robobin maganin feshi suna taruwa da yawa. A 2004 an kafa wata matata a can wadda ke wanke waɗannan robobi, ta kuma tsabtace ruwan wankin da hanyar Fenton. Ruwan yana zagayawa cikin bututun gilashi da aka jera a kan faranti masu ƙyalli na alminiyam, masu tattaro haske ta kowane gefe. Daga baya an gwada tafkuna marasa zurfi, na santimita 5 zuwa 15, masu fanka da ke juya ruwan, waɗanda suka fi arha.

Waɗannan hanyoyi suna buƙatar ma'aikacin da ya ƙware da kuma ɗakin gwaji. Idan aka tsayar da aikin bai kammala ba, maganin kan rikiɗa zuwa wani sinadari wanda wani lokaci bai fi na farko sauƙin illa ba. Don haka sun dace da asibitoci, manyan gidajen gona, hukumomin ruwa da ƙungiyoyin manoma masu mai ba da shawara. Kada manomi ya sayi sinadaran ya haɗa da kansa.

ABIN DA ZA KU IYA YI A LAMBU

Manomi na iya cin moriyar rana ba tare da wani sinadari ba, in ya daina jan ruwa kai tsaye daga magudana zuwa fangali. A bi waɗannan matakai:

1. A haƙa rami na farko mai ɗan zurfi, a zuba ruwan a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu domin laka da ƙwan tsutsa su kwanta. Wasu magungunan ciyawa, irin su gilaifoset da farakwat, sukan manne wa laka su kwanta tare da ita. Garin ƙwayar zogale yana taimaka wa ruwa ya kwanta da sauri.

2. A ɗebi ruwan sama a hankali, kada tiyon injin ya taɓa ƙasan ramin. In da hali a bi da shi ta cikin yashi da gawayi.

3. A tara shi a tafki mai faɗi mara zurfi, kimanin santimita 30, a fili inda babu inuwar bishiya. Tafki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 a wannan zurfi yana ɗaukar lita 15,000, wato duro 75 masu cin lita 200. A daɓe ƙasansa da yumɓu ko a shimfiɗa leda mai kauri.

4. A bar ruwan ya sha rana kwana uku zuwa biyar, a ƙara kwanaki in akwai hazo ko hadari. A riƙa kwashe kainuwa da duk ciyawar da ke rufe fuskar ruwa. Da tafki biyu ko uku, ana shayarwa da ɗaya yayin da sauran ke shan rana.

5. Kada ruwa ya kai mako guda a tafki, domin sauro kan kammala girma daga ƙwai cikin kwana bakwai zuwa goma. A riƙa barin tafkin ya bushe lokaci-lokaci saboda dodon koɗi mai yaɗa tsargiya, a kuma kewaye shi don yara da dabbobi.

6. A sa ƙafewar ruwa cikin lissafi. Da bazara a arewa tafki kan rasa kusan santimita ɗaya a rana.

7. A shayar ta kwari ko ta ɗigo, ruwa ya je gindin shuka ba kan ganye ba. Inda ruwan ya fi muni, a shuka masara ko itatuwa, a kai latas da kabeji inda ruwa ya fi tsabta.

Ku sani, wannan tsari yana rage gurɓata ne. Bai mai da ruwan ya zama na sha ba.

ABIN DA YA FI ƘARFIN RANA

Rana ba ta lalata dalma, kuromiyam ko kadmiyam, domin su ƙarafa ne. Dagwalon masana'antun jima da na batir bai dace da ban ruwa ba ko kwana nawa ya yi a rana. Gishiri ma ba ya fita, ƙaruwa yake yi yayin da ruwa ke ƙafewa. Tsofaffin magunguna irin su DDT da Gammalin suna daɗewa shekaru a cikin laka.

Har ila yau, kada a rikita wannan aiki da hanyar nan ta shanya ruwan sha cikin gorar roba mai haske na sa'o'i shida a rana. Waccan hanya ƙwayoyin cuta take kashewa, ba a dogara da ita wajen cire guba. Ruwan da ake zargin maganin feshi ya shiga, kada a sha shi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Gubar da ba ta shiga ruwa ba ita ce mafi arhar cirewa. Idan robar magani ta ƙare, a zuba ruwa zuwa rubu'inta, a rufe a girgiza na daƙiƙa 30, a juye cikin injin feshi. A yi haka sau uku, sannan a huda robar don kada a zuba mai ko ruwa a ciki. A haɗa iya abin da gona ke buƙata. A fesa ruwan wanke injin a kan gonar da aka yi wa feshin, nesa da rijiya da rafi. Ƙungiyoyin manoma na iya tanadar ramin wanki irin wanda aka ƙirƙiro a Suwidin a 1993: zurfin santimita 60, a daɓe ƙasansa da yumɓu, a cika shi da haɗin yankakken kara kashi biyu, ƙasar gona kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a dasa ciyawa a kai. Ƙananan halittun da ke cikin haɗin su ke cinye gubar.

KIRA GA MALAMAN GONA

Kafin ku ba da shawara, ku bi magudanar zuwa sama ku ga abin da ke zuba a cikinta: gidaje ne, ko asibiti, ko gidan kaji, ko masana'anta. Amsar ita za ta nuna ko tafkin shan rana zai wadatar, ko kuwa dole a nemi wani ruwa. Ku kafa tafkin gwaji guda a lambun manomin da ya yarda, ku rubuta girman tafkin, kwanakin da ruwa ya yi, da yanayin sama. Inda kuke shakka, ku ɗebi ruwa cikin kwalbar gilashi mai duhu, ku ajiye shi cikin sanyi, ku aika ɗakin gwaji na jami'a ko cibiyar bincike mafi kusa ta hannun shirin raya aikin gona na jiharku.