Sikila Ba Daga Uwa Kaɗai Take Zuwa Ba

Idan jariri ya fara kwana kuka, yatsunsa na hannu da ƙafa suka kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, kafin a kai shi asibiti an riga an yanke hukunci a tsakar gida. Wasu su ce mayu ne, wasu su ce ɗan wabi ne, dangin miji kuma su ce jinin uwar ne ba shi da kyau. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Ƙwayoyin halittar jikin mutum suna ɗauke da kuromosom 46, rabi daga uba, rabi daga uwa, kuma a kansu aka jera ƙwayoyin gado, wato umarnin ginin jiki da aka rubuta da haruffa huɗu. A kan kuromosom na 11, harafi ɗaya tak ne ya sauya, shi ne ya sa jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya gaji wannan sauyi daga uba da uwa duka. Saboda haka mijin da ya saki matarsa a kan sikila zalunci ya yi, domin rabin abin daga gare shi ya fito.

Wani zai ce, to ai ga iyayen lafiyarsu ƙalau. Haka ne, mai AS, wato wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya kawai, yawanci ba ya ciwo, hasali ma tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa sauyin ya yaɗu a ƙasashen sauro, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suke ɗauke da shi. Ashe ba kowane sauyi ne cuta zalla ba. Inda ake yin kuskure mai tsada shi ne lissafin haɗarin haihuwar SS ga iyaye biyu masu AS, wato "ɗaya cikin huɗu". Mutane suna ɗauka idan an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Kowane ciki lissafinsa daban ne, ana iya haihuwar SS uku a jere. Batun auren zumunci kuwa rabinsa gaskiya ne. Zumunci ba ya ƙirƙirar sauyin, amma yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da shi su haɗu, kuma bare biyu masu AS ma haɗarinsu ɗaya ne. Abin da zai raba gardama shi ne gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Larurar Down kuma wani nau'in sauyi ne dabam. Kuromosom na 21 ne ya zo uku maimakon biyu, jimilla 47, kamar yadda aka gano a Faransa a 1959. Yawanci ba gadonta ake yi ba, kuskure ne wajen rabuwar ƙwayoyin haihuwa. Gaskiya ne haɗarin yana ƙaruwa da shekarun uwa, amma ƙarya ne cewa wani abu da ta ci, ko fitar da ta yi da magariba, shi ya jawo.