Daga tebur mai iyaka zuwa marar iyaka: lissafin da manhajar foka ba ta nuna wa mai waya

Karta ba baƙuwa ba ce a Rabah. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari bayan la'asar, a nan ko Wurno ko Goronyo, ya ga ana buga Whot a kan tabarma, ana shewa idan an sa wani ya ɗebi katuna. Wasan foka kuwa baƙo ne, ta waya ya shigo: talla a tsakiyar bidiyon YouTube, hanyar sauke manhaja da aboki ya turo a WhatsApp, kwabban wasa na kyauta ga sabon shiga. Mai waya zai fara da tebur mai arha, ya ɗan ci, sai ya hango wani tebur a jerin an rubuta masa NL. Haruffan nan biyu na nufin babu iyaka, kuma a nan ne mafi yawan sababbin 'yan wasa ke barin abin da suka zo da shi.

Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas Hold'em. Katuna 52 ne. Kowa na samun biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya da kowa zai haɗa da nasa: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Zagayen zuba kuɗi huɗu ne, a kowanne mutum ya bi abin da aka zuba, ko ya ƙara, ko ya janye. Waɗannan dokoki iri ɗaya ne a teburan biyu. Abin da ya bambanta shi ne nawa aka yarda mutum ya zuba.

A tebur mai iyaka na naira 100/200, zubi a zagaye biyu na farko naira 100 ne, a biyun ƙarshe 200, kuma a yawancin tebura ba a wuce zubi huɗu a zagaye. Ko da mutum ya yi wauta iya wauta, abin da hannu ɗaya zai ci masa ba zai wuce naira 2,400 ba, kuma da wuya a kai can. A tebur marar iyaka mai zubin dole na 50 da 100, al'ada ita ce a zauna da ninki ɗari na babban zubin, wato naira 10,000. Duk dubu goman nan za su iya tafiya a hannu ɗaya, da taɓa allo sau ɗaya. Manomin albasa a Wurno ya san irin wannan bambanci: wanda ke kai buhu-buhu kasuwa idan farashi ya faɗi asarar buhu ɗaya ya yi, wanda ya kwashe rudu gaba ɗaya ya loda wa mota a rana ɗaya kuwa, kasuwar ranar ce za ta yanke masa hukuncin shekara.

Hannu ɗaya, amsa biyu

Ga misalin da ya fi fito da abin fili. An buɗe katuna huɗu a tsakiya, saura ɗaya. Mai wasa na da katuna huɗu masu alama ɗaya, yana jiran na biyar ya cika masa jeri. Kowace alama katuna 13 ke gare ta, ya ga huɗu, saura 9 a cikin 46 da bai gani ba. Damarsa ta kusa kashi 20 cikin ɗari, sau ɗaya cikin biyar.

Akwai naira 1,400 a tsakiya. A tebur mai iyaka abokin karawa 200 kawai zai iya zubawa. Mai jira zai biya 200 don neman jimlar 1,800, saboda haka yana buƙatar ya ci kashi 11 cikin ɗari kacal kafin bin ya biya kansa. Yana da 20. Ya bi, babu dogon tunani. A tebur marar iyaka abokin karawa na iya zuba 1,400. Yanzu mai jira zai biya 1,400 don neman 4,200, yana buƙatar kashi 33. Har yanzu 20 ɗin nan ke gare shi. Katunan ba su canza ba, amma bin da ke daidai a can ya zama kuskure a nan.

Wannan ita ce babbar matsalar wanda ya taso a tebur mai iyaka: hannunsa ya saba da bi. Can idan yana shakka, biyan zubi ɗaya ya ga ƙarshe ba laifi ba ne, tunda kuɗin tsakiya sun ninka zubin sau da yawa. Nan kuwa kowane bi na jawo wanda ya fi shi girma a zagaye na gaba, domin ana auna zubi da girman abin da ke tsakiya. Zubin 300 kafin a buɗe katuna, 500 bayan ukun farko, 1,300, sai 3,500, kafin mutum ya farga rabin kuɗinsa na ciki da hannun da bai taka kara ya karya ba.

Hannun da ya fi cutar sababbi shi ne tagwaye mafi girma, misali As a hannu da As a tsakiya. A tebur mai iyaka ana tafiya da shi har ƙarshe cikin kwanciyar hankali. A marar iyaka, idan mutumin da ya daɗe shiru ya tura duk kuɗinsa, sau da yawa ya fi tagwaye ɗaya. Akasin haka, ƙananan tagwaye kamar biyar-biyar suna ƙara daraja. Sau ɗaya cikin takwas da rabi ne kawai katunan farko uku ke ba su na uku, amma ran da ya zo babu mai zato, kuma akwai tulin kuɗi a gaban abokin karawa da za a iya kwashewa. Shi ya sa gwanaye kan duba kuɗin da ke gaban kowa kafin su duba katunansu. Idan ɗaya na da 10,000 ɗayan na da 2,000, wasan na 2,000 ne.

Sauran darussan gajeru ne. Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi, don haka ya fi kowa dama, kuma daga kujerun farko ana zubar da mafi yawan katuna. Ana buɗewa da ninki biyu da rabi zuwa uku na babban zubin dole, bayan nan rabi zuwa kashi biyu cikin uku na kuɗin tsakiya. Burga, wato zuba kuɗi da hannu marar kyau don tsorata mutane, tana aiki a nan fiye da can, amma ba a kan sabon ɗan wasan da ba ya janyewa ba. Shi ba a burge shi, bin ka zai yi.

Jarin da ake magana

Ko As biyu, hannu mafi ƙarfi da ke zuwa sau ɗaya cikin 221, idan ya haɗu da wasu tagwaye aka tura duka, yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar. Mai kyakkyawan wasa ma zai iya rasa kuɗin zama uku, huɗu, biyar a jere ba tare da kuskure ba. Saboda haka ƙwararru ke da ma'auni: a tebur mai iyaka a ajiye ninki 300 na babban zubi, a marar iyaka kuɗin zama 20 zuwa 30 ko fiye. A misalin sama, na farko naira 60,000 ne, na biyu ya kai 300,000. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Teburin da ake yi wa kallon na naira ɗari, a lissafin masu sana'ar, yana neman albashin fiye da wata huɗu, kuɗin da mai su zai iya rasawa bai shiga uku ba. Matashi nawa ne a gabashin Sakkwato ke da irin wannan rarar?

Sai la'ada. Kamfani ba ya karawa da kowa, yana yankar wani kaso daga kuɗin tsakiya, galibi kusan kashi 5 cikin ɗari zuwa wani ƙayyadadden adadi. A ɗauka mutum shida sun zauna da 10,000 kowanne, ana yankar la'ada a hannu 40 a awa, matsakaicin kuɗin tsakiya 1,500. Naira 75 sau 40, dubu uku ke nan a awa. Cikin awa goma rabin dubu sittin ɗin sun bar teburin, ba su shiga aljihun ko ɗaya daga cikinsu ba. Bai isa mutum ya fi abokansa iyawa ba, sai ya fi su da ratar da za ta biya dillali.

Wane ne a ɗaya kujerar?

Nan ne mai sha'awar fasaha ya kamata ya buɗe kunne. Waya ba ta raba katuna. Babbar kwamfutar kamfani ce ke yamutsa su, ta aiko wa kowa abin da aka yarda ya gani. Mai wasa ba shi da hanyar leƙa abin da ke can.

Shafin farko da aka buga foka da kuɗin gaske, Planet Poker, ya buɗe a 1998 da tebur mai iyaka. A 1999 wasu masana tsaron manhaja a Amurka suka duba lambobin yamutsa katunan da yake amfani da su. Katuna 52 na iya jeruwa ta hanyoyin da adadinsu ya kai lamba 68 a rubuce, amma manhajar tana ɗaukar mafarin lissafinta ne daga agogo, daga yawan ɗigon daƙiƙar da suka wuce tun tsakar dare, wanda bai wuce miliyan 86 da ɗoriya ba. Da suka daidaita agogonsu da na shafin, ganin katuna biyar ya ishe su sanin na kowa. Kuskuren mai rubuta manhaja ne, kuma an gyara. Abin da ya faru a Absolute Poker a 2007 da UltimateBet a 2008 ba kuskure ba ne: wasu na cikin gida sun yi amfani da asusun da ke ganin katunan kowa. 'Yan wasa ne suka gano, ta hanyar tara tarihin hannayen da aka buga su yi musu lissafi.

A tsakanin nan ne tebur marar iyaka ya mamaye duniya. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya samu kujera ta ƙaramar gasa a PokerStars, ya je Las Vegas ya ci babbar gasar duniya da dala miliyan 2.5. Labarinsa ya fi kowace talla aiki.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. A Janairun 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka sanar da Cepheus, manhajar da ta kusan warware wasan mai iyaka na mutum biyu, ta yadda ko mutum ya ƙare rayuwarsa yana karawa da ita ba zai nuna ya fi ta ba. Marar iyaka ya fi wuya nesa ba kusa ba, tunda kowane adadin zubi sabon reshe ne a lissafi. Bai daɗe ba shi ma. A Janairun 2017 Libratus, aikin Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a Pittsburgh, hannu 120,000 cikin kwana 20, ta tashi da ratar kwabban wasa na fiye da dala miliyan 1.7. A 2019 Pluribus, wadda suka yi tare da Facebook, ta doke ƙwararru a tebur na mutum shida. An horar da ita cikin kwana takwas, kuma ƙarfin kwamfutar da ta ci bai fi na dala 150 ba idan haya aka yi. Manyan shafuka na hana irin waɗannan manhajoji, suna rufe asusun da suka kama. Ƙaramin shafin da aka sauke ta fayil ɗin APK daga Telegram kuwa, babu wanda zai rantse a kan wanda ke bayan hoton da ke kujera ta uku.

Doka a nan gida

Sakkwato na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a farkon shekarun 2000, kuma haramcin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida. Mai cewa foka wasan basira ne yana da gaskiya ta wani ɓangare, lissafin sama ya nuna haka, amma kuɗin da aka kasa a kan katin da ba a buɗe ba sunansu bai canza ba. A 2024 Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, kuma a Nuwambar shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon abin da ke cikinta. Shago ana iya sa masa kwaɗo. Wayar da ke haɗe da OPay ko PalmPay ba ta da ƙofa, kuma idan shafin ƙetare ya riƙe wa ɗan Rabah kuɗi, babu ofishin da zai kai ƙara bai fara tona wa kansa asiri ba.

Wanda lissafin ne ya burge shi, ba kuɗin ba, yana da hanya. Layi kaɗan na Python a waya sun isa a raba katuna sau dubu ɗari a ƙirga sau nawa jeri ke cika, a ga kashi 20 ɗin nan da ido. Manhajojin kwabban wasa irin su Zynga Poker ba sa biyan kuɗi ga wanda ya ci, sai dai a lura suna sayar da kwabban idan sun ƙare, kuma Google Play na da saitin da ke neman kalmar sirri kafin kowane saye. A waɗannan teburan kusan kowa na tura duka da kowane irin kati, tunda babu abin da zai rasa, don haka wanda ya yi ta ci a can bai koyi komai ba game da teburin da mutane ke tsoron asara.