Injin Dizal A Kan Binuwai: Ƙaramar Roba Mai Cinye Babban Jari

KEFFI — Babu tashar jiragen ruwa a garin Keffi, amma tun zamanin fatake kasuwancin garin yake da alaƙa da Kogin Binuwai. A ƙarni na 19, ayarin da ya taso daga Kano da Zariya yakan yada zango a Keffi, ya wuce Nasarawa, sannan ya sauke kaya a Loko, inda jiragen ruwa suke jira. Har yanzu wannan hanya mai tsawon fiye da kilomita 100 ita ce take haɗa 'yan kasuwar Keffi da bakin kogin.

Abubuwa biyu sun sauya lissafin masu jiragen ruwa na Jihar Nasarawa a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne gadar Loko zuwa Oweto mai tsawon kimanin kilomita 2, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Mayu na 2023. Kafin a gina ta, mai son ƙetarawa zuwa Jihar Binuwai ta nan sai ya shiga jirgin fito. Yanzu mota takan wuce ta sama cikin 'yan mintoci. Na biyu kuwa shi ne tsadar man dizal, wanda aka fi sani da man gas. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa lita ɗaya ba ta kai Naira 300 ba a watan Janairu na 2022, amma ta haura Naira 800 kafin ƙarshen shekarar, ta kuma wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2023.

Duk da haka aikin ruwa bai ƙare ba. Akwai jigilar amfanin gona da itace da kifi daga ƙauyukan bakin kogi da mota ba ta isa, a yankunan Loko da Umaisha da Tunga. Akwai kuma haƙar yashi, wanda gine-gine suke buƙata kullum. Yawancin ƙananan kwale-kwalen fasinja da injin fetur na ratayawa suke aiki, amma manyan jiragen kaya da na tsotso yashi injin dizal ne ƙarfinsu. Da yake ribar ta ragu, abin da ya rage a hannun mai jari shi ne ya hana injinsa cin kuɗin da bai kamata ya ci ba.

Injin dizal ba shi da fulogi. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tabbatar da ita a garin Augsburg a 1897, kuma ita ce a cikin injin niƙa da janareto da tifa da ake gani kullum a Keffi. Saboda haka buƙatun injin kaɗan ne: mai mai tsabta, isasshiyar iska, man juye mai kyau, da ruwan sanyaya shi. Bambancin na jirgi shi ne, idan mota ta mutu a hanya sai a tura ta gefe, amma jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar Binuwai lokacin cikar ruwa, tsakanin Agusta da Oktoba, sai inda igiyar ruwa ta kai shi, da kaya da mutanen da ke ciki.

Mafi yawan tsayawar inji daga mai take farawa. Man da aka saya a jarka ko duro a bakin kogi yakan zo da ruwa da ƙura, wani lokaci ma da gaurayen kananzir. Tankin da aka bari rabi kuma yakan yi gumi daga ciki da dare, ruwan ya kwanta a ƙasa. Ruwa yana sa injekta da nozul tsatsa, su ne kuwa sassa mafi tsada a hanyar mai. Maganin ba shi da wuya: a bar mai ya kwana a duro kafin a ɗiba daga sama, a tace shi, a sa filta mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji, a riƙa zubar da ruwan da ta tara kowace safiya. Idan mai ya ƙare a tanki ko an canja filta, iska takan shiga bututu, inji ya ƙi tashi. A nan ba batir ne ya gaza ba. Sai a sassauta notin fitar da iska, a buga ƙaramin famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure.

Abu na biyu shi ne zafi. Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa, ta hanyar famfo mai farfelar roba a ciki. Binuwai kuwa kogi ne mai yashi, musamman da rani idan ruwa ya ja baya, haka nan da damina yakan kwaso ciyawa da leda, balle a shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar 2012 da 2022. Yashi yana cinye robar famfon, leda tana toshe bakin shigar ruwa. Don haka aikin farko na matuƙi bayan tayar da inji shi ne ya leƙa ya ga ko ruwa yana fita. Idan ba ya fita, a kashe nan take, domin mintoci kaɗan sun isa robar ta ƙone, daga nan kuma sai gaskit. Ana canja wannan roba sau ɗaya a shekara, ana kuma ajiye wata a cikin jirgi.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙin hayaƙi alama ce ta lodi ya yi yawa, ko filtar iska ta toshe, ko nozul ya lalace, ko igiya ta naɗe farfela. Shuɗi yana nuna inji yana ƙona man juye, galibi saboda ringi ya ci. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi kuwa, ko dai mai ba ya ƙonewa sosai, ko ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Shi kuma juye da awa ake lissafa shi, ba da wata ba. Masu ƙera injuna sukan ƙayyade tsakanin awa 100 zuwa 250, gwargwadon irin injin.

Akwai kuma wani sashe da ba kasafai ake duba shi ba, wato mazaunin inji, wanda makanikai suke kira injin-sit. Roba ce mai kauri da aka manne tsakanin ƙarfe biyu, yawanci guda huɗu, inji yana zaune a kansu. A mota aikinta shi ne shanye girgiza kawai. A jirgi kuwa tana da ƙarin aiki biyu. A yawancin jirage ita ce take karɓar turin da farfela take yi ta miƙa shi ga jikin jirgi, kuma ita ce take riƙe inji a kan layi ɗaya da sandar farfela. Wannan ne dalilin da ya sa mazaunin mota ko na janareto bai dace da jirgi ba, ko da ramukan notinsa sun yi daidai.

Roba ba ta shiri da man gas da man juye. Ɗigon da yake sauka a kanta kullum yana sa ta kumbura ta yi laushi, nauyin inji kuma ya danne ta. Da zarar kusurwa ɗaya ta sauka da 'yan milimita, inji ya kauce wa layin sandar. Daga nan ɓarna take bin layi: boris ɗin giyabos ya ci, wurin da sandar take ratsa jikin jirgi ya fara yoyo, notoci su riƙa kwancewa, bututun mai ya tsage saboda girgiza. Sau da yawa mai jirgi yakan canja boris sau biyu ko uku, bai san cewa ciwon yana ƙarƙashin inji ba. Alamomin da za a lura da su su ne girgizar da ta ƙaru, inji yana zabura idan an sa giya, baƙin gari a gindin mazaunin, tsagewar roba ko rabuwarta da ƙarfe.

Canja mazauni aiki ne na natsuwa. Da farko a cire waya daga batir, a auna tsayin kowace kusurwa a rubuta. Sannan a kwance notocin da suka haɗa giyabos da sandar farfela, domin ɗaga inji ba tare da an raba su ba yana lanƙwasa sandar. A ɗaga injin da sarƙar ɗaga kaya ta wuraren da aka tanada a kansa, ba a sa jak a ƙarƙashin kaskon man juye, kuma ba a sa hannu a ƙasa sai an tokare da katako. A canja dukkan huɗun lokaci guda, da irin waɗanda aka yi wa nauyin wannan inji, domin sabuwa ɗaya a cikin tsofaffi uku ita za ta ɗauki nauyin duka ta mutu da wuri. A jirgin katako wajibi ne a duba gungumen da mazaunin yake kai. Idan ya ruɓe, noti ba zai kama ba, kuma sabuwar robar ba za ta amfana komai ba.

Mataki na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa, shi ne daidaita layi. Ana kusanto da fuskar ƙarfen giyabos da ta sandar har su haɗu, sai a zura siraran ƙarafan awo, irin waɗanda ake saita bawul da su, a sama da ƙasa da dama da hagu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, a fuska mai faɗin milimita 100 bambancin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kimanin kaurin takarda. Ana ɗaga kusurwa ko a sauke ta da notin mazaunin har awon ya daidaita, sannan a ɗaure notin kulle. Dole a yi wannan awo jirgi yana kan ruwa, domin jikinsa yakan sauya kaɗan idan an ja shi tudu. Bayan kwana ɗaya ko biyu, idan sabuwar roba ta zauna, sai a sake aunawa.

Ga ɗan kasuwar da ya zuba jari daga nesa, lissafin a fili yake. Inji mai ƙarfin doki 50 yakan sha kimanin lita 10 a awa idan yana cikakken aiki. A misali, idan ya yi awa 8 a kan Naira 1,000 kowace lita, man yini ɗaya ya kama Naira 80,000. Idan toshewar filta ko lalacewar nozul ta ƙara masa kashi 10 cikin 100, Naira 8,000 ke nan take tafiya a hayaƙi kullum, ban da ranakun da jirgi zai kwana a bakin gaɓa ana jiran kayan gyara. Araha ba ta ado: filtar jabu da mazaunin da aka ciro daga tsohuwar mota sun fi na ainihi tsada idan aka haɗa da abin da suke jawowa.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma take da hedkwata a Lokoja, ita ce take da alhakin rajistar jirage da duba lafiyarsu. Amma jami'in hukuma ba ya kwana a cikin jirgi. Abin da zai tsare jari shi ne ɗan littafi da za a ajiye wa matuƙi, ya riƙa rubuta awannin aiki, da litar man da aka sha, da ranar juye, da ranar da aka duba mazauni. Mai jirgin da yake zaune a Keffi ba zai ji ƙarar injinsa a Loko ba, amma idan ya ga shan mai yana hawa a littafi alhali aiki bai ƙaru ba, ya san lokacin tura makaniki ya yi, tun kafin inji ya buga.