Matsalar Ɓatan Samfuri a Manhajojin Gina Shafukan Intanet da Hanyoyin Magance Ta

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, aikin malamin makaranta ya ƙara cuɗanya da na'ura. Ba abin mamaki ba ne malamin Hausa da aka tura aiki Rano ko Kibiya ya tsinci kansa cikin kwamitin da zai samar wa makaranta shafin intanet, inda iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu da harshen da suke ji. Daga cikin matsalolin da ɗan koyo kan fara cin karo da su a wannan aiki akwai ɓatan samfuri. A wannan babi za a bayyana ma'anar samfuri da dalilan ɓatansa da matakan gyara, sannan a nuna cewa mafi yawan matsalar ta ƙa'idar rubutu ce, fagen da malamin harshe ya fi kowa sani.

2.0 Ma'anar Samfuri

A kasuwa, samfuri shi ne ɗan abin da ake nunawa don a gane irin kayan. A fagen kwamfuta kuwa, ana nufin fayil mai ɗauke da zubin shafi, wanda aka bar wa gurabun da za a cike da bayanai. Da wannan ma'ana ce Wikipedia ta Hausa take amfani da kalmar.

Ɗalibin ƙirar kalma ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Idan aka dubi jam'in birni da gulbi da jirgi, wato birane da gulabe da jirage, za a ga saiwa ce take sauyawa, amma zubin ɗaya ne: a cusa wasalin "a" tsakanin baƙaƙe biyu na ƙarshen saiwa, a ɗafa "e" a ƙarshe. Haka shafin sakamakon jarrabawa yake. Sunan ɗalibi da ajinsa da makinsa su ne saiwa, samfuri shi ne zubi. Samfuri guda ya ishi ɗalibai duka, amma idan ya ɓace babu ɗalibin da shafinsa zai fito, ko da kuwa makinsa yana nan a ajiye lafiya lau.

3.0 Yadda Manhaja Take Neman Samfuri

Masu gina shafuka ba sa fara aiki daga tushe. Sukan ɗora gininsu a kan wata babbar manhaja da aka riga aka tanadar. Fitattu daga ciki su ne Ruby on Rails, wadda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, da Django, wadda ta samo asali a wani gidan jarida na garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, aka kuma sake ta ga jama'a a 2005, sai Flask ta Armin Ronacher a 2010.

Duk lokacin da mutum ya nemi wani shafi, manhajar takan ɗauko bayanai daga rumbu, sannan ta nemi samfuri da wani takamaiman suna a wasu takamaiman jakunkuna. Idan ba ta samu ba sai ta dakata ta fitar da saƙo. Django takan rubuta TemplateDoesNotExist, Flask ta rubuta TemplateNotFound, Rails kuma takan ce Missing template. Duka ma'anarsu guda ce: an nemi fayil kaza a wuri kaza, ba a gan shi ba.

A ɗauka cewa wani uba ne a Tarai ko Rurum ya sayi data domin ya ga sakamakon 'yarsa ranar da aka rufe makaranta. Shi ba zai ga wancan bayani ba, domin akan ɓoye shi ga jama'a. Abin da zai gani kawai shi ne saƙon kuskure mai lamba 500. Kuɗinsa sun tafi, kuma da wuya ya sake amincewa da shafin.

4.0 Dalilan Ɓatan Samfuri

4.1 Saɓanin Rubutu

Wannan shi ne dalili mafi yawa. Na'ura ba ta cankar nufin marubuci. Idan umarni ya ce a kawo ɗalibai.html, alhali an ajiye fayil da sunan dalibai.html, to a wurinta sunaye biyu ne mabambanta, kamar yadda ƙafa da kafa suke kalmomi biyu. Kowane daga cikin haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, yana da lambarsa ta daban a tsarin Unicode. Haka nan baƙin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, a Nijar ƴ ake rubuta shi, kuma ita kanta alamar da ke gaban y ɗin tana da siffa miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kowace da lambarta.

4.2 Babban Baƙi da Ƙarami

A bisa al'ada Windows ba ta bambanta Sakamako.html da sakamako.html, amma Linux tana bambantawa. Da yake akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet Linux suke amfani da ita, sai a ga shafi yana aiki a kwamfutar malami a ofis, amma da an ɗora shi ya ƙi buɗewa. Wani makamancin wannan shi ne yadda Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil, har mutum ya ajiye sakamako.html.txt ba tare da ya lura ba.

4.3 Ajiya a Wurin da Bai Dace ba

Suna na iya zama daidai, wuri ya zama kuskure. Flask tana duba jakar templates da ke kusa da babban fayil ɗin aikin. Rails tana duba app/views, a cikin ƙaramar jakar da ta dace da sashen da ya karɓi buƙatar. Django kuwa tana bin abin da aka rubuta a fayil ɗin settings.py: jakunkunan da aka lissafa a DIRS, da kuma jakar templates ta kowane sashe, muddin an kunna APP_DIRS kuma an sanya sunan sashen a INSTALLED_APPS. Mantawa da wannan rajista ta ƙarshe kuskure ne da ɗan koyo kan yawaita yi.

4.4 Alamar Harshe

Wannan ya fi shafar masu rubuta shafi da Hausa. Alamar Hausa a tsarin duniya ita ce ha. Rails ta ba da dama a sanya wannan alama cikin sunan samfuri, misali index.ha.html.erb. To sai dai harshen da take farawa da shi Ingilishi ne. Idan aka rubuta samfurin Hausa kaɗai, ba a kuma sanar da manhajar cewa da Hausa za ta yi aiki ba, za ta wuce shi tana cigiya. Maganinsa shi ne a tanadi fayil ɗin harshen Hausa a config/locales a mayar da ha harshen farko, ko a ajiye wani samfurin marar alamar harshe domin ya zama madogara.

4.5 Ɓatan Uwar Samfuri

Sau da yawa ƙananan samfurori kan gaji zubinsu daga wata uwa mai ɗauke da sunan makaranta da tambarinta. Idan uwar ce ta ɓace, duk 'ya'yan sai su tsaya, ko da yake babu abin da ya same su.

5.0 Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne karanta saƙon a tsanake, harafi bayan harafi, kamar mai gyaran shifta. Saƙon yana faɗin ainihin sunan da aka nema. A Django, idan aka kunna DEBUG, manhajar takan jero duk wuraren da ta leƙa. Rails ma takan nuna jakunkunan da ta bincika da harshen da ta nema.

Na biyu, a ɗora sunan da ke cikin saƙon kusa da sunan fayil, a duba ƙugiya da babban baƙi da wutsiya. Na uku, a tabbatar fayil ɗin yana cikin ɗaya daga cikin wuraren da aka jero; idan ba ya ciki, a mayar da shi can ko a gyara saitin. Na huɗu, a riƙa sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa wani, domin a san wanne ne ya yi magani. Na biyar, a kashe DEBUG kafin a buɗe shafi ga jama'a, saboda yana tona asirin saitin ga duk wanda ya shigo.

Rigakafi kuwa shi ne kwamiti ya tsayar da ƙa'ida guda ta sanya suna: ƙananan haruffa, babu tazara, babu ƙugiya. Amma a kula, wannan sassauci ya tsaya ga sunan fayil kawai. Rubutun da iyaye da ɗalibai za su karanta dole ne ya zo da ƙugiyoyinsa cikakku, a kuma ajiye shi da tsarin UTF-8 don kada haruffan su rikiɗe.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ɓatan samfuri ba alama ce ta lalacewar na'ura ko salwantar bayanai ba. Saɓani ne tsakanin sunan da aka kira da wanda aka rubuta, ko tsakanin inda aka duba da inda aka ajiye. Malamin da ya saba lura da ƙugiyar ƙ a littafin ɗalibinsa yana da idon da wannan gyara yake buƙata.

Tambayoyin Bita

1. Kawo wani zubin jam'i na Hausa ka kwatanta shi da samfurin shafi.
2. Me ya sa shafi kan yi aiki a Windows ya ƙi yi a Linux?
3. Tsara sunayen fayil guda biyar don shafin wata makaranta a Kibiya, bisa ƙa'idar da aka bayar.