Gargaɗi ga Mai Son Shuka a Ƙarƙashin Inuwa

Duk wanda ya ratsa Zandam da sauran garuruwan ƙasar Gwaram, ko ya miƙa zuwa Birnin Kudu, zai tarar da wuya a sami gida ko makaranta ko harabar masallaci da babu darbejiya ko mangwaro, kuma zai lura cewa gindin itatuwan nan fayau yake, ban da ƙura da busasshen ganye. Jama'a da dama sukan yi sha'awar raya wannan wuri, sai su sayo furanni daga masu sayar da dashe a Dutse ko Kano a tsakiyar Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, amma kafin hunturu ya fita duk sun ƙone, sa'an nan a ɗora wa gara ko awaki laifi, alhali kuwa illar tana cikin zaɓen da aka yi tun farko.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne inuwar ƙasarmu busasshiya ce. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, aka kuma fara dasa ta a lardin Borno a 1928, ta sami karɓuwa ne saboda jimirinta ga fari, jimirin nan kuwa daga saiwoyinta yake, waɗanda ke shanye duk laimar da ke kewaye da su. Saboda haka tsiron da aka sa a ƙarƙashinta yana fama da ƙarancin rana da ƙishirwa gaba ɗaya, tun daga ɗaukewar ruwa a Oktoba har faɗuwarsa a Mayu ko Yuni. Gindin tsamiya kuwa kada ma a wahalar da kai, domin kusan babu abin da ke yin albarka a can.

Mafi dacewa da irin wannan hali ita ce moda, mai dogon ganye mai kauri, wadda magabata ke fitar da zare daga gare ta don tsirkiyar baka. Ba ta zubar da ganye rani da damina, tana haƙuri da inuwa mai duhu, tana kuma 'ya'ya ta ƙarƙashin ƙasa har ta cika wuri, kuma yawan ruwa ya fi ƙarancinsa cutar da ita. Inda rana ke leƙowa da hantsi ko la'asar, shuwaka tana tsayawa kore muddin ana ba ta ruwa, ga kuma amfaninta a tukunyar miya. Lalle dai ɗan rana ne, sai a kai shi bakin inuwa ko jikin danga. Don rufe ƙasa, na'a-na'a tana yaɗuwa sosai kusa da randa ko wurin alwala, dankali ma yakan shimfiɗu a inuwa mai sauƙi, ko da yake ba zai yi 'ya'yan kirki ba.

Wajibi ne kuma a yi hattara da waɗansu tsirrai masu kyaun gani. Duman kada yana rufe ƙasa da sauri, amma yana sa tumaki da awaki makyarkyata idan sun ci shi. Zaƙami guba ne da ke gusar da hankali, 'ya'yan bini da zugu sukan jawo wa yara amai da zawo mai tsanani, ƙullun tumfafiya kuma yana cutar da ido. Haka nan akwai wani ɗan itace mai siririn ganye da fure rawaya mai siffar ƙararrawa, wanda ake yawan dasawa a makarantu da ofisoshi, ƙwayarsa tana iya tsayar da zuciya.

Lokacin dashe shi ne farkon damina, a haƙa rami nesa kaɗan da gindin itacen, a zuba takin da ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki yana kiran gara. A bar tazara tsakanin shuka da bangon ɗaki, a riƙa rage duhuwarta, kada ta zama maɓoyar maciji da kunama, kada kuma a bar ruwa ya kwanta ya tara sauro.

Ya kai mai gida, kafin ka ba da kuɗinka, nemi ganin tsiron a gidan maƙwabci cikin watan Afrilu. Idan ka same shi kore a lokacin, nemi iri ka dasa.